Baiwar da Ke Yatsun Makaɗi, Ta Wa Ce?

Lokacin da Niccolò Paganini ya rasu a birnin Nice a shekarar 1840, hukumomin coci suka hana a binne shi a maƙabartarsu. Ya cika ba tare da limamin coci ya yi masa addu'ar ƙarshe ba, ga shi kuma an daɗe ana raɗe-raɗin cewa da Shaiɗan ya ƙulla ciniki kafin ya iya kiɗa haka. Gawar ta yi ta yawo daga wannan wuri zuwa wancan, sai a 1876 ta samu makwanci a Parma. Abin da yatsunsa ke yi a kan tsirkiya huɗu na gogen Turawa, wato bayolin, ya fi ƙarfin fahimtar mutanen zamaninsa. Shi ma bai sauƙaƙa musu ba. Yana kaffa-kaffa da takardun kiɗansa kada wani ya kwafe, kuma ɗalibi ɗaya tak tarihi ya riƙe masa, Camillo Sivori. Gogen da ya fi so yana nan ajiye a Genoa, garinsu, amma hannun da ke sa shi magana ya bi mai shi.

Wannan ya ta da wata tsohuwar tambaya. Baiwar da Allah ya ɗora wa mutum, tasa ce ya yi yadda ya ga dama da ita, ko kuwa amana ce da sai ya miƙa ta gaba? In kuwa amana ce, ta yaya ake miƙa abin da ke zaune cikin tsoka da jijiya?

Rayuwar manyan makaɗan bayolin wuri ne mai kyau na duba wannan, domin yawancinsu matakai uku suke takawa. Da farko makaɗi ya tsaya shi kaɗai a gaban tawagar makaɗa, ido duk a kansa. Daga baya wasu su ɗauki 'yar sandar jagora, su koma juya tawagar. Wasu kuma su zauna a ɗaki da ɗalibi guda, suna gyara masa riƙon baka. Jama'a kan ɗauka tsufa ne kawai ke saukar da mutum daga matakin farko zuwa na ƙarshe. Labarin Yehudi Menuhin ya nuna abin ya wuce nan.

An haife shi a New York a 1916, ya tashi a San Francisco, yana ɗan shekara bakwai ya fara hawa dandamali. A watan Afrilu na 1929, bai cika sha uku ba, ya kaɗa manyan ayyukan Bach da Beethoven da Brahms a dare ɗaya a Berlin, Bruno Walter yana jagorantar tawaga. A 1932 ya naɗi kiɗan bayolin na Edward Elgar a faifai, tsoho Elgar da kansa yana riƙe da sanda. Sai dai akwai wani ɗan abu da ya faru kafin wasan Berlin ɗin, wanda shi Menuhin ya ba da labarinsa da bakinsa. An kai shi Brussels gaban Eugène Ysaÿe, babban makaɗin Beljiyam. Yaron ya kaɗa kiɗa mai wuya, ya burge. Sai dattijon ya ce ya yi masa wani atisayen hawa da saukar sauti irin wanda 'yan koyo ke yi kowace safiya. Nan yaro ya kama lalube. Ysaÿe ya ba shi shawara ya koma ya gina tushe, amma shawarar ba ta shiga ba a lokacin.

Bashin ya jira shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda a cikinsa ya yi wa sojojin ƙawance wasanni ɗaruruwa, har ya je ya yi wa waɗanda suka tsira daga sansanin Bergen-Belsen kiɗa a 1945, hannunsa na dama ya fara yi masa gardama. Bakan da ke tafiya sumul tun yana yaro ya soma rawa. Da ya waiwaya ya nemi inda matsalar take, sai ya tarar bai taɓa sanin yadda yake yin abin ba. Yana yi ne kawai. Dole babban mutum da duniya ta san sunansa ya zauna ya warware kiɗansa zare-zare: ina nauyin kafaɗa ke sauka, yaya gwiwar hannu ke buɗewa, wane yatsa ke tallafe baka idan an kai ƙarshensa. Neman wannan sani ne ya haɗa shi da malamin yoga B.K.S. Iyengar a Indiya a 1952.

A nan bambancin baiwa da ilimi ya fito fili. Baiwa tana aiki ko mai ita bai gane ta ba, shi ya sa ba a gadonta. Ilimi kuwa abin da mutum ya kwance ya ga cikinsa ne, har zai iya faɗa wa wani. Menuhin na 1932 ya fi Menuhin na 1963 tsabtar hannu, kusan kowa ya yarda da haka. Amma na 1963 ne ya buɗe makarantar yara masu baiwar kiɗa, wadda ke Stoke d'Abernon a Ingila har yau. Yaron da bai taɓa tuntuɓe ba, ba shi da abin da zai gaya wa wanda ya faɗi.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma suna da hujja. Za su ce aikin gwani shi ne ya yi gwaninta, wanda ya saurara ya ji daɗi ai ya riga ya karɓi rabonsa. Za su kawo Jascha Heifetz, wanda ya girgiza zauren Carnegie a 1917 yana ɗan shekara sha shida. Ya koyar shekaru masu yawa a Jami'ar Kudancin California, yana tsananta wa ɗalibai kan atisayen tushe, ya fitar da ƙwararru irin su Erick Friedman da Pierre Amoyal, amma ba a samu Heifetz na biyu ba. Za su ƙara da cewa Paganini ma ya bar gajerun kiɗa 24 da aka buga a 1820, waɗanda har yau ake gwada makaɗa da su.

Duk gaskiya ne. Sai dai Heifetz ɗin nan ba daga sama ya faɗo ba. Ɗalibin Leopold Auer ne, mutumin Hungary da ya koyar a makarantar kiɗa ta St. Petersburg daga 1868 zuwa 1917. Daga ɗakinsa Mischa Elman da Efrem Zimbalist da Nathan Milstein suka fito. Shi kuma Auer ya zauna gaban Joseph Joachim, aminin Brahms, wanda ya fara kaɗa kiɗan bayolin na Brahms a bainar jama'a ranar 1 ga Janairu 1879 a Leipzig. 'Yan faya-fayan da Joachim ya naɗa a 1903, yana tsoho, ba su isa su nuna ko wane ne shi ba. Wanda ke son jin ragowarsa, a hannun ɗaliban ɗalibansa zai same ta. Hatta kiɗan Paganini 24 da suka rage a takarda, baƙaƙe ne kawai har sai wani malami ya nuna wa yaro inda zai ɗora yatsa. Malami ba ya ƙera baiwa, Auer ma yara masu ita aka riƙa kawo masa. Aikinsa shi ne kada ta lalace a hanya.

Shi ya sa wasu daga cikin manyan malaman ba su yi suna a dandamali ba. Dorothy DeLay ta ajiye yawon wasa tun da ƙuruciya, ta shafe fiye da shekara hamsin a makarantar Juilliard ta New York. Ɗalibinta Itzhak Perlman ya sha ba da labarin yadda take koyarwa. Idan sautinsa ya kauce, ba ta cewa ya yi kuskure, sai ta tambaye shi yadda shi yake ganin wannan sautin ya kamata ya fito. Abin yana ba shi haushi yana yaro, domin ya fi so a gaya masa kawai. Ita kuwa so take ɗalibi ya san dalilin abin da yake yi tun kafin ranar da hannu zai ƙi. Midori da Sarah Chang da Gil Shaham duk sun ratsa ta ɗakinta. Bayan rasuwarta a 2002, Perlman ne ya gaji kujerarta.

Jagorancin tawaga ma wani nau'in miƙa amanar ne, kuma ya fi wuya ga mai girman kai. Mutumin da ya saba sauti na fita daga ƙarƙashin haɓarsa, yanzu ya juya wa 'yan kallo baya, ba ya fitar da ko ɗigon sauti. Duk abin da ke ransa sai ya bi ta hannun mutum saba'in ko tamanin kafin a ji shi. David Oistrakh ya haɗa ukun a lokaci guda: yana kaɗawa, yana jagoranci, yana koyarwa a Moscow, inda Gidon Kremer ya yi karatu a gabansa. Maxim Vengerov, da ciwon kafaɗa ya raba shi da goge na wasu shekaru, karatun jagoranci ya shiga kafin ya dawo dandamali. Menuhin kansa jagorancin wasa ne ya kai shi Berlin a watan Maris na 1999, inda ajali ya same shi.

Shekara biyu kafin nan, wata yarinya 'yar shekara goma daga Scotland, Nicola Benedetti, ta shiga makarantarsa. Tana da sha shida ta lashe gasar matasan makaɗa ta BBC a 2004. Ba ta jira tsufa ko ciwon hannu ba: a 2019, tana tsakiyar tashenta, ta kafa gidauniyar da ke tara yara da malamansu a birane daban-daban ana koya musu kiɗa. Tun 2022 take shugabantar Bikin Ƙasa da Ƙasa na Edinburgh, ita ce mace ta farko da ta hau wannan kujera, kuma ba ta daina hawa dandamali da gogenta ba.