Kafin Ka Sa Hannu a Kan Taswira

Ɗana, na ji an ɗauke ka aikin tsara birane, Allah ya sanya albarka. Zauna in faɗa maka abu guda, domin layin da za ka ja da alƙalami a ofis, shi ne titin da wata mai naƙuda za ta bi cikin dare bayan shekara talatin, kai kuwa wataƙila lokacin ka daɗe da yin ritaya.

Dubi Kano. Magabata sun haƙi ƙasa sun yi tubali, sun gina gidaje da badala, ramukan da suka bari suka zama kududdufai, su ke shanye ruwan damina kafin ragowar ya gangara Jakara. Yau an cike da yawansu da shara, an yanka fuloti, an dasa shaguna, shi ya sa in aka yi ruwan Agusta sai ka ga magidanta suna kwalfe ɗakuna da bokiti. Ba a rasa tsari ba, an yi wa birnin na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, amma unguwannin awon igiya suka riga takarda gudu, lunguna ko motar kashe gobara ba ta shiga.

Na san kai mai niyyar kirki ne, sai dai za a zo maka. Wani da na goro zai zo, wani da katin babban mutum, wani ma kawunka ne, yana roƙon ka ɗan matsar da magudanar ruwa taku biyar, ko ka mayar da filin makaranta gidaje. Dokar filaye ta 1978 amana ta kira ƙasar da ta damƙa a hannun gwamna, kai ma ɗan guntun amanar nan ne ya iso teburinka. Ka ƙi cikin ladabi, ka ba da dalili, ka rubuta a fayil.

Kuma kada ka tsara unguwar da ƙafarka ba ta taka ba. Je ka gaida mai unguwa, ka tambayi tsofaffi inda ruwa ke kwanciya, ka ga inda mata ke ɗiban ruwa da inda ake kai gawa. In ka ga ana haƙa tushe a kan hanyar ruwa, tsayar da shi tun ranar. Kada ka jira sai bawan Allah ya ƙarar da guminsa ya rufa kwano, sannan ka zo masa da jan fenti da katafila.