Kafin Ka Sayi Noti Ko Ɗaya

Ɗana, in ka ƙudura haɗa babur naka na kanka, marar nauyi, wanda babu irinsa a shago, ban hana ka ba. Amma mayar da kuɗin aljihu tukuna, ka nemo littafi da biro. Yawancin samari da tanki suke farawa, sai fitila, sai fenti, don su ne ido ke gani. Bayan wata shida ka tarar da kaya jibge a bayan ɗaki, babu biyun da suka dace da juna, kuɗi kuwa sun ƙare.

Firam ne farko, domin kowane ƙarfe a jikinsa zai zauna. Ko a Ƙofar Ruwa ka samo shi ko a Panteka ta Kaduna, kada ka biya sai ka tsuguna ka duba wuyansa. Fentin da ya tattare a wurin, ko sabuwar walda da aka shafe da baƙin fenti, shaida ce cewa babur ɗin ya taɓa cin karo. Firam ɗin da ya karkace, duk miƙar da za a yi masa, hanya za ta tona shi. A wuyan nan kuma ake buga lamba. In ka ga an goge ta ko an sake bugawa, tashi ka bar wurin komai arahar, ba ka san na wa aka sato ba. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar firam da ta inji, ranar rajista za ka gode mini.

Batun inji, kada buri ya ja ka zuwa babba. Dangin CG125 sun ishe ka. Honda ta fito da shi a 1975, bayan injiniyoyinta sun zagaya kudu maso gabashin Asiya sun ga yadda ake labta wa babur kaya, ba a kuma damu da canza baƙin mai ba. Sai suka ƙera inji mai sauƙin haɗi, mai jure sakaci. Kamfanonin China sun kwaikwaye shi har ba adadi, shi ya sa fiston da ringi da kuloc ɗinsa ba sa wuyar samu, kuma da wuya ka sami bakaniken da bai san cikinsa ba. Sai dai kamanni ba dacewa ba ce. Auna tazarar ramukan da ake ɗaure inji kafin ka saya. Samarin Ingila na shekarun 1960 da suka riƙa ɗora injin Triumph a firam ɗin Norton, suna kiran abin Triton, sai da faranti na musamman suke iya aurar da su. Kai ma ka tabbata haƙoran cen na gaba da na baya suna kan layi ɗaya. In suka saɓa, cen zai riƙa cinyewa, wata rana ya zame kana tsakiyar gudu.

Shi kuwa nauyi, sikeli ke faɗinsa. Ɗora tayar gaba ka rubuta, ɗora ta baya ka rubuta, ka haɗa. Duk abin da ka cire, auna shi. Za ka ga kariya, da jak na tsakiya, da murfin cen, da sitata tare da ƙaton batirinta, nan kilo-kilon suka ɓuya, kuma cire su ba ya cin ko sisi. Litar fetur ɗaya ma kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, don haka tanki mai lita 12 in ya cika, kilo 9 kake ɗauke da shi. Faffaɗar tayar nan da kake sha'awa fa? Kyau gare ta a hoto, amma nauyin da ke juyawa ya fi kowanne gajiyar da ƙaramin inji.

Akwai inda ba a rage komai. Kada ka bari mai walda ya yanke ƙarfen da ke riƙe shok, ko ya huda wuyan firam wai don sauƙi. Birki, taya da boris, sababbi za ka saya, na kirki, ko da fenti zai jira shekara. Arha ba ta ado, balle a ƙafar babur.

Kada kuma ka jefar da akwatin tace iska don ka ga Turawa sun yi. Su ba su san ƙurar hunturu ba, mu kuwa kafin bazara ta cinye maka ringi. In ka canza salansa, dole a sake saita kafireto. Yi ɗan gudu, ka kwance fulogi ka duba bakinsa: ruwan ƙasa lafiya, baƙi mai ya yi yawa, fari fat kuwa inji na ƙishi, zafi zai iya huda fiston.

Ranar gwaji ka sa hular kwano, ka nemi hanyar da babu jama'a, ka fara gwada birki kafin ka taɓa giya ta uku. Da ka dawo, bar inji ya huce, sannan ka bi kowane noti da sifana.