Gurbin Koyon Likita Na Wane Ne?

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar JAMB ya fito, hirar gidaje da yawa a Maiduguri takan koma kan maki. Daga Bulumkutu zuwa Gwange da Wulari, iyaye sukan zauna da 'ya'yansu suna lissafi, ko abin da yaro ya ci zai kai shi koyon likita a Jami'ar Maiduguri. Masu nema suna da yawa, gurabe kuwa kaɗan ne, gama majalisar da ke kula da aikin likita a Nijeriya, wato MDCN, ita ce take ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, bisa ga malamanta da kayan aikinta da gadajen asibitinta. Tilas ne a zaɓi wasu a bar wasu, har da waɗanda suka yi ƙoƙari ƙwarai. Duk inda ake irin wannan zaɓe kuwa, ba a rasa tambayar adalci: gurbin nan na wane ne?

Ga yadda hanyar take. Ɗalibi yana bukatar kyakkyawan sakamako a WAEC ko NECO cikin Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Sa'an nan ya rubuta jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, darussa huɗu ne masu jimlar maki 400. Tun 2005 jami'o'i suka soma sake tantance ɗalibai da kansu. Gwamnati ta hana wannan jarrabawa ta biyu a 2016, ta maido da ita a 2017. A jami'o'in tarayya, ƙa'idar rabon gurabe ita ce kashi 45 cikin 100 bisa ga maki, kashi 35 ga jihohin yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka lasafta suna baya a ilimin boko, Borno da Yobe suna cikinsu. Wanda ya shiga zai yi shekara shida, ya ƙara da shekara guda ta horo a asibiti.

Amsa ta fari ita ce gurbin na wanda ya fi maki ne, kuma tana da ƙarfi. Kwamfutar da ke duba jarrabawa ba ta san ɗan kwamishina ba, ba ta san 'yar gwauruwa mai sayar da ƙosai ba. A ƙasar da sanayya take buɗe ƙofofi, maki shi ne garkuwar talaka. Banda haka, aikin likita aikin sani ne. Likita mai kirki wanda ya kuskure awon magani zai yi kisa kamar marar kirki. Duk da haka maki yana da tarihi a bayansa. A watan Maris na 2014 gwamnatin Borno ta rufe makarantunta saboda hare-hare, gine-ginen makarantu da dama a Maiduguri kuma suka zama sansanin 'yan gudun hijira. Yarinyar da ta soma karatu a irin wannan hali ta ci 250, da yaron da ya girma da malamin gida da wutar janareta ya ci 270, ba daga wuri ɗaya suka soma tseren ba.

Daga nan amsa ta biyu take fitowa, cewa yankin da ke fama da ƙarancin likitoci yana da hakki a kan gurbin. An kafa Jami'ar Maiduguri a 1975, aka buɗe asibitin koyarwarta a 1983, domin arewa maso gabas ta sami masu magani daga cikin 'ya'yanta. Likitan da ya ji Kanuri ko Bura ko Margi zai fahimci kukan tsohuwa ba tare da tafinta ba. Amma wannan ma yana da tsadarsa, kuma gaskiya ta bukaci a faɗe ta. Wani yaro mai maki sama zai koma gida domin wani mai maki ƙasa ya shiga. Akwai kuma wanda aka haifa a Maiduguri, ya sha wahalar garin tare da kowa, amma takardar asalinsa tana nuna wata jiha mai nisa.

Amsa ta uku tana duban hali, gama takardar jarrabawa ba ta auna haƙuri, ko gaskiya, ko jinƙai. Saboda haka makarantun likita da yawa a Ingila da Kanada sukan gana da ɗalibi baki da baki kafin su ɗauke shi. Jami'ar McMaster ta Kanada ta fito da wata dabara a farkon shekarun 2000: ɗalibi yana zagaya ɗakuna da dama, 'yan mintoci a kowanne, a gaban mai tambaya dabam, ana ba shi al'amari mai wuya a ga yadda zai yi tunani ya kuma yi magana. An tsara ta haka domin kada ra'ayin mutum ɗaya ya yanke wa yaro hukunci. A yawancin jami'o'in gwamnati na Nijeriya, maki da takardu ne ke yanke magana, akwai kuwa dalilin yin hattara da ganawa. Suna, da karin harshe, da tufafi sukan bayyana kabila da addini tun kafin yaro ya ba da amsa, santsin Turanci kuma yakan yi kama da hikima. Ko annabi Sama'ila, sa'ad da ya je gidan Yesse neman sarki, tsayi da kyan fuska sun kusa ruɗinsa.

Kowace amsa cikin ukun nan tana da rabonta na gaskiya, amma akwai wani mai hakki da ba a kiransa wurin zaɓen, shi ne marar lafiya. Matar da za a kawo daga Damboa ko Monguno da tsakar dare, naƙuda ta tsananta, ba za ta tambayi makin likita ko jiharsa ba. Bukatarta ita ce a sami wanda ya san aikin, yana nan bai gudu ba, yana kuma ganinta mutum. Gurbin nata ne. Jami'a da iyaye da ɗalibi duka masu riƙon amana ne a madadinta. Idan an duba ta wannan fuska, maki yana da daraja domin yana kare ta daga jahilci, kason yanki domin ta sami likita kusa, binciken hali kuma domin kada ta faɗa hannun marar tausayi.

Wannan yana da nauyi a kan gidajen masu bi. Uban da ya biya kuɗi a cibiyar da ake sayar da amsa, ko ya bi ofisoshi da wasiƙar babban mutum, ko da ta shugaban ikkilisiya ce, yana cewa ƙauna ce ta sa shi. Amma ya ƙwace wurin ɗan wani, ya kuma aika wa marar lafiyar gobe likitan da bai cancanta ba. Tun 2017 JAMB ta sa a riƙa bi da kowane gurbi ta tsarinta na kwamfuta mai suna CAPS domin a rage irin wannan, sai dai na'ura ba ta gyara lamiri. Haka nan uwar da ta tilasta wa ɗiyarta likitanci domin a kira ta maman dakta, alhali zuciyar yarinyar tana wani wuri, ta ɗora wa marasa lafiya nauyin burinta.

Tun da yake ƙofar jami'a ba ta iya auna hali sosai, aikin ya koma gida, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba wanke wa kakarsa ciwo, ya saba faɗin gaskiya ko da za ta jawo masa horo, ya riga ya soma karatun da JAMB ba ta tambaya. Wanda bai sami gurbi ba kada a sa shi ya ji kamar ya kunyata gida. Jami'ar tana koyar da aikin jinya, da haɗa magunguna, da gwajin jini, asibiti kuwa ba ya tafiya sai da su. Wanda ya samu kuma, a gaya masa tun ranar fari cewa bashi ya ci. Wata rana hanyar Ingila ko Saudiya za ta iya buɗe masa, ba kuwa zunubi ba ne mutum ya nemi abin da zai riƙe iyalinsa. Amma kafin ya ɗauki jakarsa, ya kamata ya tuna cewa an mayar da wasu gida domin shi ya zauna a wannan aji, ya kuma tambayi lamirinsa a gaban Allah ko ya biya matar Damboa abin da take binsa.