Kunya: Ado Ce Ko Mari?

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san matsayin kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa, yaro ba ya ƙura wa babba ido. Har Baturen nan Kirk-Greene, a laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki, ya lissafa kunya cikin halaye 10 da Bahaushe ke auna mutum da su. Ni ma ban zo don in rushe wannan gini ba. Tambayata dai ita ce, shin kunyar da ke hana mutum faɗawa rijiya, ya dace ita ce kuma za ta hana shi ihun a kawo masa igiya bayan ya faɗa?

Abin da ya jawo wannan tambaya shi ne labarin wani abokin karatunmu, wanda ba zan ambaci sunansa ba. A lokacin hutu yakan tuƙa a-daidaita-sahu don ya tara kuɗin makaranta. Abokan sana'a suka ba shi ƙwayar tiramadol, wai maganin gajiya. Da farko ɗaya ta ishe shi, daga baya biyu ba sa yi masa komai, har ta kai in bai sha ba ba ya iya tashi daga shimfiɗa.

To, wajibi ne mu fahimci abin da ya same shi kafin mu yanke masa hukunci. Tiramadol da kodin dangin ofiyom ne, watau 'yan gida ɗaya ne da mofin da ake yi wa mai tsananin ciwo allura a asibiti. Hasali ma hanta ce ke mai da wani ɓangare na kodin ya zama mofin a cikin jiki. In aka daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa takan saba, ta riƙa neman ƙari. Ranar da aka yanke mata kuwa, sai ciwon ƙashi da gumi da gudawa da hamma da rashin barci su taso wa mutum gaba ɗaya. Wannan azaba takan lafa a cikin kamar mako guda, amma ƙishin abin yakan yi watanni yana dawowa. Saboda haka mai cewa "ai sai ya bari kawai", kamar mai ce wa mai zazzaɓi ne ya daina rawar sanyi.

Kada kuma mu ɗauka abin na 'yan tsiraru ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu kuwa irin su tiramadol da kodin ne suka sha ba bisa umurnin likita ba. A watan Mayu na 2018, bayan wani shirin BBC ya tona asirin cinikin, Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Doka ta rufe ƙofar masana'anta, amma ba ta gaya mana yadda za mu yi da waɗanda suka riga suka kamu ba. Wannan aiki namu ne, kuma a nan kunya ta shigo.

Sa'ad da iyaye suka gane ɗansu yana sha, sau da yawa abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne, "Me mutane za su ce?" Sai a ɓoye. Akwai asibitocin da ke wannan aiki, irin su na Dawanau a Kano da na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato, amma ana gudun a ce an kai yaro gidan mahaukata. Wasu sai su kai shi inda ba wanda zai gani. Mun tuna a 2019 yadda 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu da sarƙa a ƙafa, sannan aka sake ganin irinsa a Daura da Katsina. Ba ƙiyayya ta sa iyaye suka kai 'ya'yansu can ba. Ƙauna ce wadda kunya ta rufe wa ido. Lamarin 'ya mace ya fi muni, domin binciken nan ya ce ɗaya cikin kowane mashaya huɗu mace ce, amma ƙalilan ne ke zuwa neman magani, don tsoron kada maganar ta kai gidan miji ko ta kori manema.

Shi abokinmu ya yi sa'a, kawunsa ya kai shi asibiti. Bayan zango guda ya dawo makaranta ya yi ƙiba, idonsa ya washe. Mu kuwa me muka yi? In ya shigo ɗaki sai hira ta mutu. Wani ya janye wayarsa ya sa aljihu. A bayan idonsa sunansa ya zama "ɗan ƙwaya". Ni da kaina na daina zama kusa da shi a aji, don kada a ce tafiyarmu ɗaya. Da jarrabawa ta matso ya koma ya sha, bai gaya wa kowa ba, ya kulle ɗaki. Sai da aka ɓalle ƙofa aka same shi yana farfaɗiya. Da na je duba shi, ya ce mini, "Abokina, wallahi ciwon ƙashin nan bai kai idonku ciwo ba."

A lura da wani abu a nan. Wanda ya yi watanni bai sha ba, jikinsa ya manta da sabon da ya yi. In ya koma ya sha adadin da ya saba a da, yana iya tsayar masa da numfashi. Watau lokacin da ya fi kusa da warkewa shi ne lokacin da tuntuɓe ya fi haɗari, kuma kunya ce ke sa ya yi tuntuɓen a ɗaki kulle, inda ba mai kai shi asibiti.

A ganina mun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, watau nadama da jin kunyar idon mutane. Nadama aikin da aka yi take kallo, ta ce wa mutum, "Ka yi kuskure, tashi ka gyara." Ita kuwa ɗayar, mutumin take kallo, ta ce masa, "Kai ne kuskuren, ɓuya." Ta farko tana kai mutum ƙofar likita da ƙofar waɗanda ya ɓata wa. Ta biyu tana mai da shi wurin mai sayar da ƙwaya, domin can ne kaɗai ba a yi masa kallon banza.

Na san wani zai ce, in aka cire kunya ai sai kowa ya sha a bainar jama'a, kuma shi mashayin nan ya yi ƙarya, ya yi sata, yaya za a ce a rungume shi? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ban ce ba shi da laifi ba, shi ya kai ƙwayar farko bakinsa, shi ne kuma zai ɗauki nauyin barinta, ya biya abin da ya ɗauka, ya nemi gafara. Amana ma ba a mai da ita rana ɗaya. Amma taka-tsantsan daban, wulaƙanci daban. Uwa tana iya kulle akwatinta ba tare da ta kulle bakinta ga ɗanta ba. Kunya mai gadin ƙofa ce, wurinta gaban aikin. Bayan mutum ya miƙe yana neman tsira, abin kunyar ya tashi daga kansa ya koma kan mai yi masa dariya.

Saboda haka ina roƙonmu abu uku. Mu daina kiran mutum da sunan ciwonsa. In ya yi tuntuɓe, mu ɗauke shi a matsayin alamar a koma wurin likita, ba shaidar cewa ba zai shiryu ba, tun da akwai magunguna irin su metadon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna tun 2005. Sannan kowannenmu ya zama mutumin da za a iya buga wa ƙofa da tsakar dare a ce, "Ina jin zan koma." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Abokinmu yana nan, yana zuwa asibiti, yana ƙirga kwanakinsa. Ni kuwa na koma zama kusa da shi a aji, kuma in an tambaye ni wanda ya kamata ya sunkuyar da kai tsakaninmu, na san amsar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu gane.