Tsohuwar da na zana a kasuwar Angulem

Akwai shafi guda a kundin zanena da ban saka a waya ba tun da na dawo daga Faransa. Sauran duk sun zagaya hannun abokai: hasumiyar Eiffel da na mayar raƙumin dawa, ni kaina cikin riguna huɗu ina karkarwa, da dogon layin masu jiran sa hannun wani shahararren mai zane, kai ka ce layin gidan mai ne a lokacin wahalar fetur. Wannan guda ɗayan kuwa yana nan a rufe. Hoton wata tsohuwa ne da karenta. Shi ya bar ni da tambayar da har yau take cina: mene ne haƙƙin mutumin da baƙo ya zana, ya tafi da shi gida?

Angulem ƙaramin gari ne a kudu maso yammacin Faransa, a kan tudu, kogin Charente na bi ta ƙarƙashinsa. Daga Paris tafiyar kusan awa biyu ce a jirgin ƙasa mai gudu. Mutanensa ba su kai 50,000 ba, amma tun 1974 da aka fara bikin littattafan zane a can, ƙarshen watan Janairu yakan mayar da garin wata kasuwar duniya ta kwana huɗu. Ana kafa manyan tantuna a filaye, masu ɗab'i su baza littattafai, masu zane su zauna suna yi wa mutane ɗan zane a shafin farko na littafin da suka saya. Garin kansa ya rungumi sana'ar. Bangayen gidaje da yawa zane ne tun daga ƙasa har sama, allunan sunayen tituna kuma an yi su da siffar ƙawanyar nan da muke sa maganar mutum a ciki. An gayyace mu ne, mu 'yan kaɗan daga Afirka, mu nuna ayyukanmu a wani ɗan lungu. Ni dai murnata ta fi aikina yawa.

Ranar kwana na uku da safe na gudu daga hayaniyar tanti na shiga rufaffiyar kasuwar garin don in sha shayi. A teburin da ke gabana wata tsohuwa ce mai dogon hanci, da ƙaramin kare a cinyarta. An sa wa karen rigar sanyi ta saƙa. Tana gutsura masa burodi tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Hannuna bai jira ni ba. Cikin minti biyar na gama: na ƙara wa hancin tsawo, na sa karen ya ɗaga kai kamar mai sarauta, na fitar masa da ƙawanya daga baki yana cewa, "Ni ne magajin gidan." A ƙasa na rubuta da Hausa: a nan kare ya fi ɗa gata.

Mutanen Angulem sun saba da masu zane, suna gane wanda yake satar kallonsu. Ta taso da karen a hannu, ta ce ko za ta iya gani. Faransancina na tsince-tsince ne, wanda na koya a wajen dangin mahaifiyata a Maraɗi, amma ya isa. Na miƙa mata. Ta kalli hancin ta yi dariya har da taɓa nata, ta ce mijinta ma haka yake tsokanarta. Sai ta ɗora yatsa a kan rubutun.

"Ɗana, wannan fa me ya ce?"

Na ce, "Madam, cewa ya yi sanyi ya yi yawa."

Ta ce ai kuwa ya yi gaskiya, ta ja kujera ta zauna. A nan na ji cewa rigar karen da zaren tsohuwar rigar mijinta ta saƙa ta, bayan ya rasu a sanyin bara. Karen nasa ne. 'Yarta tana Bordeaux, tana kiranta kullum da yamma, ranar Lahadi kuma takan zo da yara. Da za ta tashi ta tambaya ko zan bar mata hoton. Na ce ban gama shi ba. Ƙarya ta biyu ke nan a zama ɗaya.

Na daɗe ina juya abin. Hancin bai cuce ta ba. Nata ne, ni dai ƙari na yi, ƙari kuwa shi ne jarin sana'armu. Mai zanen barkwanci yana rage fuska zuwa layi biyar ko shida, ya zaɓi abu guda ya kumbura shi. Ta gane kanta a ciki, ta yi dariya. Rubutun ne ba nata ba. Ban gan shi a kasuwar Angulem ba, a jakata na zo da shi daga gida. Maganar majalisa ce da na sha ji tun ina yaro, cewa Turawa suna watsar da iyayensu, sun fi son kare da ɗan'adam. Abin da idona ya gani tsohuwa ce da kare da riga. Sauran duk jita-jita ce na ɗora mata, kuma na rubuta ta da harshen da na tabbata ba za ta iya karantawa ba. Muna cewa gani ya kori ji. Ni na yi tafiyar dubban kilomita, na gani da idona, amma ji ne ya riƙe fensirin.

Bayan an tashi daga bikin na shiga yawon buɗe ido. Kwana biyu a Paris, na ga abin da kowa yake gani, sannan na wuce Burusel, babban birnin Beljiyam, don gidan tarihin littattafan zane da aka buɗe a 1989 a wani tsohon kantin yadi. A birnin ne na fara riƙe littafin Tintin na Kwango a hannuna, wanda na daɗe ina jin labarinsa. Hergé ya zana shi a 1930 zuwa 1931, yana ɗan shekara 23, lokacin da Kwango take ƙarƙashin mulkin mallakar ƙasarsa. Baƙaƙen fatar da ke ciki duk fuska ɗaya gare su: manyan leɓɓa, idanu a zare, ragwaye, masu hankalin yara, suna jiran ɗan Bature ya warware musu rigima. A bugun farko akwai inda Tintin yake koya wa yaran makaranta cewa Beljiyam ce ƙasarsu. A bugun 1946 mai launi aka mayar da darasin na lissafi, amma fuskokin suka zauna. Wani ɗan Kwango mai suna Bienvenu Mbutu Mondondo ya kai ƙara yana neman a hana sayar da littafin, kotun Beljiyam ta ƙi a 2012. Na tsaya ina buɗe shafukan raina na ɓaci. Hergé bai taɓa taka Kwango ba. Abin da ake faɗa a majalisun Burusel na zamaninsa ya zana.

Sai na tuna kundin da ke cikin jakata.

Kada a yi mini mummunar fahimta, laifin biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Littafin Hergé ya fito ne da ƙarfin gwamnati da coci da kamfanonin da ke kwasar arzikin Kwango a bayansa, ya shiga hannun yara tsara bayan tsara, ya taimaka wajen sa zalunci ya zama kamar taimako. Nawa shafi ɗaya ne a kundin wani baƙo da bizarsa ta kusa ƙarewa, kuma tsohuwar ba za ta rasa ko kwabo ba saboda shi. Wanda ya ce duk ɗaya ne bai san tarihi ba. Amma motsin hannun iri ɗaya ne: ka ɗauki mutum guda, ka cire masa labarinsa, ka sa shi ya tsaya a madadin al'umma, sannan ka sa masa maganar da mutanenka suke son ji. Bambancin ƙarfi yana auna girman ɓarnar. Bai wanke hannun ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru da Hergé bayan shekara uku kacal. Da ya sanar cewa zai kai Tintin ƙasar Sin, wani limamin coci da ke kula da ɗaliban Sin a Beljiyam ya rubuta masa yana jan kunnensa kada ya maimaita abin da aka saba. A 1934 aka haɗa shi da Zhang Chongren, ɗalibin zane da sassaƙa a Burusel. Suka riƙa zama tare. Zhang ya ba shi labarin mamayar Japan, ya nuna masa yadda ake riƙe burushi, shi ne ma ya rubuta rubutun Sinanci da ke jikin alluna da bangaye a littafin. Abin da ya fito, Le Lotus bleu, yana da Sinawa masu fuskoki daban-daban da damuwa irin ta mutane. Kuma Hergé bai je Sin ba kafin ya zana shi, kamar yadda bai je Kwango ba. Tikitin jirgi bai shiga lissafin ba ko kaɗan. Abin da ya canja shi ne an sami mutum a gefen tebur da zai iya cewa, "A'a, ba haka muke ba." Hujjar tana cikin littafin kansa: Japanawan da ke ciki an zana su da haƙora a waje da fuskar mugunta. Su babu nasu a gefen teburin.

Kalmar da muke kiran sana'ar da ita ma ta san wannan. Barkwanci a wurinmu wasa ne na mutum biyu. Bafulatani ya zolayi Babarbare, Bakano ya zolayi Bazazzagi, Bagobiri ya zolayi Bayarabe, ana faɗin maganar da a wani wuri za ta jawo faɗa, amma a gaban mutum ake faɗa, da harshen da yake ji, kuma yana da bakin ramawa nan take. Ramawar ce take halatta wasan. Idan ka cire ta, abin da ya rage yi da mutum ne. Zanen matafiyi kuwa an gina shi ne a kan rashin ramawa: ka zana, ka rufe kundi, ka hau jirgi. Tsohuwar Angulem ta zo har teburina ta ba ni damar in mayar da abin wasa na gaskiya. Da na fassara mata, wataƙila ta yi fushi, wataƙila ta ce mini ita ma ta ji ana cewa mu muna haihuwar yaran da ba ma iya ciyarwa, mu yi ta yi har shayin ya huce. Na zaɓi in ce mata sanyi ya yi yawa.

Wani abokina da na ba shi labarin ya ce na cika takura wa kai. In haka ne, in ji shi, babu baƙon da zai sake zana kowa, sai ya shekara goma a gari kafin ya ɗauki fensir. Yana da gaskiya ta wani gefen. Idon baƙo yana ganin abin da ɗan gari ya daina gani. Da Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, amfanin littafin shi ne idon baƙo ne ya kalli Ingila. Kuma gaskiya ne akwai tsofaffi a Turai da kaɗaici yake ci, ba ƙirƙira ba ce. Kurena shi ne na ɗora wa wadda ban tambaya ba. Joe Sacco, wanda ya yi wata biyu a yankunan Falasɗinawa a ƙarshen 1991 da farkon 1992, yana da wata dabara da nake ganin ta fi shiru amfani. Yana zana kansa a cikin shafin, da tabarau wanda ba a ganin ido ta cikinsa, yana shan shayin mutane yana zumuɗin samun labari mai zafi. Mai karatu ba ya mantawa cewa wani baƙo ne da buƙatunsa yake nuna masa wannan duniyar. Da na zana kaina a teburin kusa da ita, ina leƙe, da ƙawanyar tana fitowa daga kaina maimakon bakin karen, da hoton ya zama gaskiya, kuma da ya fi ban dariya.

Abokin ya ce to ai ba ta sani ba, kuma ba za ta taɓa sani ba, wa aka cuta? Ban da amsar da za ta rufe masa baki. Abin da na sani shi ne da na saka hoton a waya, da ɗaruruwan mutane sun ce "wallahi haka suke," su ɗauka shaidar wanda ya je ya gani ce. Su ma da na cuce su.

A tsakiyar Angulem akwai titin da aka sa wa sunan Hergé, da ƙaton kansa na tagulla a kan dakali. Na ɗauki hoto a gabansa tun ranar farko, ina daga yatsu biyu. Sai daga baya na san wanda ya sassaƙa shi: Zhang Chongren ne, bayan Hergé ya mutu a 1983. Wanda aka taɓa sakawa a littafi shi ya ƙera fuskar mai littafin, kuma ita ce baƙi suke tsayawa a gabanta.

Ban san sunan tsohuwar ba, ban karɓi adireshinta ba. Da na dawo na sa abin goge fensir na share rubutun ƙasan da maganar karen. Hancin na bar shi yadda yake. Ƙawanyar tana nan a saman kan karen, babu komai a ciki. Na gwada cika ta sau uku, duk abin da na rubuta sai in ji muryata ce.