Carbin da Ba a Jansa a Masallaci

Wata 'yar'uwata da ke aure a Garou, kusa da Malanville a arewacin Benin, ta taɓa nuna mini wani carbi da take ɓoyewa a ƙasan akwati. Ƙwayoyinsa 32 ne: ɗaya ja, goma sha biyu farare, sauran ruwan ƙasa. Ungozoma ce ta ba ta bayan ta yi kunika sau biyu. Ranar da al'ada ta zo sai ta ɗora wani ɗan zoben roba a kan jar ƙwayar, kullum ta matsar da shi gaba ɗaya. Idan ya shiga farare, wato daga kwana na 8 zuwa na 19, ciki na iya shiga.

Masana a Jami'ar Georgetown ta Amurka ne suka tsara shi, amma tushen lissafin ya girmi iyayenmu. Tun wajejen 1930 Ogino na Japan da Knaus na Ostiriya suka gano cewa ƙwan mace yana fitowa kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Ƙwan ba ya wuce yini ɗaya da rai, shi kuwa maniyyi yana iya kai kwana biyar yana jira. Carbin yana aiki ne ga wadda al'adarta ke zagayowa tsakanin kwana 26 da 32, shi ya sa mai shayarwar da jininta bai daidaita ba ba za ta dogara da shi ba.

Wasu na cewa wannan jayayya ce da ƙaddara. Ni wannan bai dame ni ba. Manomin albasa a Garou yana ƙirga kwanakin dashe, ba wanda ya ce masa ya rasa tawakkali. Kuma ko lissafin kansa yakan ci amanar mai shi: cikin mata ɗari da ke bin sa yadda aka saba, kusan 12 kan sami ciki a shekara.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙasan akwatin nan. Me ya sa take ɓoyewa? Allura ko ƙwaya mace na iya yi ita kaɗai, amma kwana goma sha biyun nan ba sa yiwuwa sai da haƙurin miji. Ita kuwa ba ta faɗa masa ba. Ran fararen ƙwayoyi sai ciwon kai ya tashi. Na tausaya mata, don na ga yadda goyo biyu a jere suka tsotse ta, amma ban iya ce mata ta yi daidai ba. Malamanmu na Malikiyya sun hana miji yin azalu sai da izinin matarsa, saboda tana da haƙƙi a cikin haihuwa. To idan haƙƙin na mutum biyu ne, ɓoyon ma daga kowane ɓangare ya fito ɓoyo ne. Sai dai kuma mijin da matarsa ta gwammace ta ƙirƙiri ciwo da ta yi masa magana, shi ma akwai tambayar da ke jiransa.

Ga wani ƙarin ƙulli. Amaryar gidan shekara huɗu ba ta ko ɓatan wata, gorin dangin miji ya ishe ta. Carbin nan ɗaya da uwargida ke gudun ciki da shi, da shi amarya za ta nemi nata. Ranakun da ɗaya ke tsoron girkinta ya faɗa a kansu, irinsu ɗayar ke roƙon Allah ya ba ta. Shari'a ta yarda mace ta bar wa abokiyar zamanta kwananta da yardar miji. Na kawo mata wannan shawara, ta daɗe tana juya zoben a yatsa, sannan ta ce, "Yaya, in na ba ta kwanana ta haifi namiji fa?"