Kuɗin Wa Ne a Cikin Asusun Jinya?

A Maraɗi, daga watan takwas zuwa watan goma, sauro ke da gari. Ruwa ya kwanta a unguwanni, Gulbi ya kawo, hatsin bara ya ƙare, na bana bai gama shiga rumbu ba. Daidai lokacin da aljihu ya bushe ne zazzaɓi ke bin gida-gida. Kowane magidanci ya san wayar da ake bugowa bayan isha'i: an kwantar da wane a likita, sai an yi ƙarin jini, a taimaka da abin da ya sawwaƙa. Ni malamin makarantar kuɗi ne, mai iyali, ga Inna a Tibiri. Irin wayar nan na amsa ta, ni ma na buga ta. Shi ya sa na fara tambayar yadda ake shiga asurans na lafiya, abin da maƙwabtanmu na Najeriya ke kira inshora.

Yayana, mai noman rani a fadamar Jiratawa, da ya ji sai ya ɗaure fuska. "Kai da karatunka za ka sayi magani tun ciwo bai zo ba? Ina tawakkalinka? Kuma malamai sun ce haram ne."

Magana biyu ya haɗa a baki ɗaya, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Ta tawakkali ba ta da nauyi. Na ce masa, "Yaya, kuɗin ruwan da kake biyan kungiyarku ta manoma duk kaka fa? Da shi ake biyan wuta, a gyara famfo in ya lalace, ko a wane ɓangaren fadama yake. Ban taɓa jin ka ce wannan rashin imani ne ba." Sayyidina Umar ma, da ya doshi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya: wanda ya ƙi tanadi da sunan dogaro ga Allah, ranar jinya aljihun ƙaninsa yake dogara da shi, ko tunkiyar matarsa da za a kai kasuwa a sayar da asara.

Maganar haramci kuwa tana da tushe, ba a share ta da dariya. A ƙarshen 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, saboda garari ya yi mata yawa. Garari shi ne ciniki a cikin duhu: ka biya, ba ka san abin da ka saya ba. Kana iya zubi shekara goma ba ka karɓi ko dala ba, wani ya zuba sau ɗaya ya kwashi miliyan, abin da ya rage kuma ribar mai kamfani ce. Amma a zama ɗaya ɗin majalisar ta halatta asusun taimakon juna, wanda aka gina kan kyauta. Kafin nan ma, a 1979, Sudan ta riga ta buɗe kamfani irin wannan. Akwai kuma malaman da suka sassauta wa ta kasuwancin a fannin lafiya in larura ta matsa.

Na kai maganar wurin wani dattijon malami a Tibiri, ranar da na je gaida Inna. Na ce, "Allah gafarta Malam, ta yaya zan rarrabe?" Bai buɗe littafi ba. Ya ce, "In shekara ta ƙare ba wanda ya kwanta, kuɗin na wa ne?" Sai ya tuna mini labarin Ash'arawa, waɗanda in abinci ya yi musu ƙaranci suke tara ɗan abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi (SAW) kuma ya yaba musu. A can ma wani ya ci fiye da abin da ya kawo, amma ba a kira shi caca ba, domin ba ciniki aka ƙulla ba.

Mu mutanen Maraɗi bai kamata wannan ya zama mana baƙo ba. A jiharmu aka fara Mata Masu Dubara a 1991, da tallafin CARE, daga nan tsarin ya bazu ƙasashe da dama. Matan kan ware ɗan asusu na daban don rashin lafiya da rasuwa, akwati da makullai a hannun mata dabam-dabam, lissafi a gaban kowa. Matata tana ciki, kuma ban taɓa jin yayana ya kira nasu haram ba, wataƙila don babu takardar Faransanci a ciki.

Takardar kuwa ita ce inda na fi ganin gararin da idona. Wani wakilin kamfani ya kawo mini tasu har makaranta, mai sheƙi, da hoton iyali suna murmushi. Na juya bayanta, inda rubutu ya ƙanƙance. Ciwon da aka shigo da shi, babu. Watannin farko, zubi kawai, ba biya. Akwai iyakar da in jinya ta wuce ta a shekara, sauran naka ne. Iyali kuma a wurinsu miji ne da mata da ƴaƴa masu takardar haihuwa. Na ce, "Mahaifiyata fa? Da ɗan marigayi ƙanina da nake riƙo?" Ya ce shekarun Hajiya sun wuce, yaron kuma sai da takardar kotu. Wato an rufe ƙofa ga mutum biyun da suka fi sa ni neman asusun. Wanda bai iya karanta Faransanci ba, ranar da ya isa farmasi da takardar magani a hannu zai san wannan.

Dole kuma mutum ya san abin da gwamnati ta riga ta ɗauke, kada ya biya sau biyu. Tun 2006, zamanin Tandja Mamadou, jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta ne a asibitocin gwamnati, haka ma tiyatar haihuwa. A watan Satumba na 2024 an rage kuɗin jinya da rabi. Sai dai sau da yawa maganin ba ya cikin kantin asibiti, a waje ake saye, kuma nan kuɗi ke tafiya, nan da kuɗin motar ɗauko maras lafiya daga ƙauye. Asusun da ba ya biyan magani, a ganina, rabin asusu ne.

Na bar kamfanin. Ban ce mai shiga ya yi saɓo ba. Wanda wurin aikinsa ya sa shi ciki, ya ci moriyarsa. Mu malaman makarantarmu muka kafa namu: zubi duk ƙarshen wata, kowa ya rubuta waɗanda ke cin tukunyarsa, har iyaye, ma'aji daban, mai littafi daban, abin da ya rage ya kwana a asusu. Yana da rauni, domin tiyata babba guda ɗaya, ko tura mutum Yamai, tana iya share shi tas; asusun mutum kaɗan ba ya ɗaukar babban ciwo. Shi ya sa muke neman wasu makarantu su shigo. Inda muka fi jan zance shi ne wanda aka sallama daga aiki ya kasa zubi. Wasu sun ce a cire shi, tunda doka doka ce. Ni na ce in mun cire shi ranar da ya fi buƙata, ciniki muka koma yi, fatawar Jidda kuma ta hau kanmu. An tsaya a kan a ɗauke masa wata shida, bayan nan taro ya sake duba halinsa.